Jinya a Zango: Yadda Fataken Lome Kan Jira Ayari na Gaba

A yammacin birnin Lome, inda unguwar Kodjoviakopé ta jingina da garin Aflao na ƙasar Gana, akwai ƙofar iyaka da ba ta rabuwa da cinkoso, domin babbar hanyar Legas zuwa Abijan ta nan ta ratsa. Cikin 'yan canji da dillalai da masu dako, kunne ba ya daɗewa bai ji Hausa ba. Waɗansu baƙin kwana biyu ne, waɗansu kuwa a ƙasar nan aka binne kakanninsu. Kuma ba ciniki kaɗai ke zaunar da mutum a zango ba. Wani lokaci ciwo ne ke kayar da matafiyi, ayari ya wuce ya bar shi.

Goro ne ya fara jawo Hausawa wannan nahiya. A ƙarni na 19 fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, su ƙetare kogin Kwara, su bi ta Djougou da Sansanne Mango da Yendi, har Salaga ta ƙasar Gwanja. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci, kuma tafiya ce ta watanni ƙarƙashin madugu. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, mutanenta suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da garuruwan bakin teku. Lome, inda Hausawa suka fara sauka tun shekarun 1880, ta samu nata rabo. Jamusawa suka mayar da ita hedikwatar Togo a 1897, suka gina gadar jiragen ruwa a 1904, layin dogo ya kai Kpalimé a 1907. Zango ya ƙara cika.

Hanyar kuwa ba ta da tausayi. Ga zazzaɓi, ga agana, ga ciwon barci a wuraren ƙudan tsando. Amma ciwon da ya fi gwada haƙurin falke shi ne kurkunu. Mutum zai sha ruwan kududdufi a wani mashaya, ya manta. Sai an yi kusan shekara ƙafa ta yi bororo mai zugi kamar an ɗora garwashi, ya fashe, kan farar tsutsa ya leƙo. Tsawonta kan kai mita guda. Ba a finciko ta. Sai a naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke, a ɗaure, gobe a ƙara murɗawa kaɗan, jibi ma haka, har makonni. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura, jinya ta dawo sabuwa. Har yau babu ƙwaya ko allurar wannan ciwo, tsinken nan dai shi ne magani. Wanda sana'arsa duka a ƙafa take, ga shi zaune kan tabarma yana kallon ana ɗaure wa jakuna mangala.

A nan ne amfanin maigida ke fitowa. Masanin nan ɗan Faransa Michel Agier, wanda ya yi bincike a Zangon Lome ya fitar da littafi a 1983, ya nuna cewa harkar goro da ta shanu a unguwar kan masu gida ta dogara: su ke saukar da baƙo, su ciyar da shi, su haɗa shi da mai saye, su tsaya masa a kan bashi. Baƙon da ciwo ya kama ba ya fita daga wannan inuwa. Kayansa na ajiye, kwanonsa na fitowa daga cikin gida, kuma mutanen garinsu da ke unguwar ba su da uzurin ƙin leƙo shi. Ba alheri ne zalla ba, a gaskiya. Maigidan da ya wofintar da baƙo a kwance, labarinsa zai riga shi isa Kano, baɗi kuma kaya a zauren wani za su sauka.

Ga yadda dubiya take tafiya har gobe. Mai shigowa ya ce, "Sannu Malam, ya jiki?" Majinyaci ya amsa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da daren jiya bai runtsa ba. A ce, "Allah ya sa kaffara ne." Daga nan ba a daɗewa kan ciwon. Hira ta koma kan nawa ƙwaryar goro ta kai, wa ya iso daga arewa, yaushe za a tashi. Mai jinya na ji, yana sa baki, yana lissafin ribar tafiyar da bai fara ba. Wannan hirar ita ce ke hana zuciya karyewa.

Masu magani ma a unguwa suke. Wanzami ya zo da zabira ya yi ƙaho, malam ya ba da rubutu, mai saiwoyi ya kawo sassaƙe. Asibitin Nachtigal da Jamusawa suka buɗe a Aného a 1894 don Turawa aka fi yin sa, ba don falke ba. Da annobar mura ta 1918 ta ratsa ƙasar, Alhaji Umaru, Bakanon malamin da ya zauna a Salaga kafin ya zama limamin Kete-Krachi, waƙa ya tsara a kanta da Larabci.

Sai dai ƙarfin halin da majinyaci ke nunawa na da nasa aibi. "Da sauƙi" ta sha jinkirta zuwa wurin likita har lokaci ya ƙure, musamman yanzu da hawan jini da ciwon suga suka maye gurbin kurkunu, cututtukan da ba sa nuna kansu a fata.

A 1977 gwamnatin Gnassingbé Eyadéma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari, ta kwashe mutanensa zuwa wajen Agoè, kimanin kilomita 15 arewa. Unguwa ta canza wuri, ɗabi'a ba ta canza ba. Dattijon da ke zirga-zirga zuwa babban asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin, in an tambaye shi, zancensa bai wuce ya samu ƙarfin zuwa ganin gida da salla, ko ya sauke farali. Kakanninsa a ƙafa suke zuwa Makka, ta Chadi da Sudan, a shekaru. Shi kuwa daga filin jirgin Lome zai tashi, amma sai ya nuna katin rigakafin shawara da na sanƙarau, likita kuma ya tabbatar jikinsa zai ɗauki wahalar aikin hajji.

Wasu daga cikin cututtukan tsohuwar hanya dai an ci ƙarfinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu kurkunu a Togo a 2011, a Najeriya da Nijar a 2013, a Gana kuma a 2015. A 2020 Togo ta zama ƙasar Afirka ta farko da hukumar ta shaida ta kawar da ciwon barci daga jerin matsalolin lafiyar jama'a.