Gwajin Magani: Kano Ta 1996 da Ibadan Da Muka Manta

A Sabiyal da sauran garuruwan Aliero, da an ce "gwajin magani" Kano ce ke faɗo mana a rai. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 a gwajin maganinsa Trovan. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Amma akwai labarin da ya girmi wannan. A 1958 Denis Burkitt, likita a Yuganda, ya bayyana wata cutar daji mai kumbura muƙamuƙin yara, wadda ta fi yawa inda cizon sauro ya yi katutu. Wuƙa ba ta iya mata. Cikin shekarun 1960, a asibitin koyarwa na Ibadan, Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru, ya gwada magunguna irin su cyclophosphamide, sai ga kumburi yana sacewa cikin makonni. A 1972 shi da Burkitt suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker. Likitoci suka sha tafi. Yaran da aka yi wa allurar kuwa, ko sunansu ba ma ambata. Har yau ana ba da wannan maganin.

Tun 2007 Najeriya na da ƙa'idar binciken lafiya. Idan aka gayyaci ɗan'uwanmu gwaji a asibitin koyarwa na Sakkwato, haƙƙinsa ne a yi masa bayani da harshen da yake ji, kuma ya janye ranar da ya ga dama ba tare da an daina kula da shi ba.