SIV da Ƙwayoyin Garkuwar Jikin Birai

SIV bairos ne ɗan uwan HIV mai haddasa ƙanjamau, kuma ana samunsa a jinin nau'o'in birai fiye da 40 na Afirka. Cikinsu akwai birin kirka na dazuzzukan arewacin Nijeriya, da ɗan uwansa giribet da ke zaune gabas da kogin Nilul Abyad, har zuwa Habasha da Eritiriya. An fara gano shi a 1985 a jikin biran makak na Asiya da ake tsare da su a wata cibiyar bincike ta Jami'ar Harvard a Amurka.

Ba kowace ƙwayar garkuwa SIV ke iya shiga ba. Sai ya tarar da mariƙa biyu a bayanta: CD4, wanda yake fara kamawa, sannan yawanci CCR5, wanda ke buɗe masa hanya. Ƙwayar da ke hutawa tana da wuyar kamuwa. Da zarar wata cuta ta tashe ta aiki, CCR5 yakan ƙaru, ta zama abin farauta. Irin waɗannan ƙwayoyi sun fi taruwa a bangon hanji, shi ya sa a jikin makak mafi yawansu kan hallaka cikin 'yan makonni, daga bisani birin ya kamu da ƙanjamau.

Biran Afirka kuwa sun daɗe da bairos ɗin. Binciken da aka yi kan biran tsibirin Bioko a 2010 ya nuna zaman ya kai aƙalla shekara 32,000. Jininsu cike yake da shi, amma da wuya su kwanta ciwo. A 2009 aka gano cewa a jikin dangin kirka, ƙwayoyi da yawa kan janye CD4 idan sun balaga, su ci gaba da aikinsu ba tare da bairos ya sami wurin kamu ba. Birin mangabe na yammacin Afirka kuma CCR5 yake ragewa a kan ƙwayoyin da ke riƙe da tarihin cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa. Kumburin da kamuwa ke tayarwa ma yakan lafa musu cikin makonni, alhali na makak ba ya lafawa, kuma wannan tashin da ba hutu shi ke ta samar wa bairos sabon abinci.

Shi kansa HIV daga SIV ya fito: daga SIV na mangabe nau'in HIV-2 ya samo asali, HIV-1 kuma daga na birin cimfanzi na kudu maso gabashin Kamaru.