Giwan Ruwa da Tsage: Tarihin Mafarauta Biyu na Tafkin Chadi

A cikin kifayen Tafkin Chadi da kogunan Shari da Logone, babu waɗanda masu kamun kifi da ƙugiya don nishaɗi suke kwaɗayi kamar giwan ruwa da tsage. Dukansu mafarauta ne da ke cin ƙananan kifaye, amma halinsu ya sha bamban. Giwan ruwa kan kai tsawon mita 2, nauyinsa kuma ya doshi kilo 200. Yakan laɓe a zurfi, ya haɗiye abin da ya kama ɗungurungum. Tsage kuwa bai kama ƙafarsa a girma ba, sai dai yana da gudu da haƙora masu kaifi. Idan ƙugiya ta kama shi yakan yi ta tsalle sama da ruwa, shi ya sa ake ɗaura ƙugiyar da waya don kada ya datse zaren. A kasuwa giwan ruwa ya fi daraja saboda tsokarsa, tsage kuwa ƙaya ta yi masa yawa.

Martabar giwan ruwa tsohuwa ce. A Masar ta dā, mutanen garin Esna sun ɗauke shi kifi mai tsarki, har suna shafe gawarsa da magunguna su binne. Girkawa ma da sunansa suka kira garin, wato Latopolis.

A Tafkin Chadi, ƙaddarar kifayen biyu ta zo ɗaya. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma sararin ruwa mai faɗi shi ne abin da dukansu suke bukata. Da farin shekarun 1970 ya tsananta, tafkin ya rabu biyu a 1973, sannan ɓangaren arewa, wanda Nijar da Najeriya suka dogara da shi, ya ƙafe a 1975. Abin da ya rage ya koma fadama mai ciyayi da ƙarancin iskar shaƙa. Nan giwan ruwa da tsage suka ja baya, tarwaɗa da karfasa da gaiwa suka mamaye wurin. Dole masunta suka sauya kayan su, 'yan kasuwar banda kuma suka sauya haja.

Inda hanyarsu ta rabu shi ne gabashin Afirka. A shekarun 1950, zamanin mulkin mallakar Ingila, aka zuba giwan ruwa a Tafkin Biktoriya, inda dā babu shi. Zuwa shekarun 1980 ya yaɗu ƙwarai, kuma ana danganta shi da ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye kusan 200 da ba a samun irinsu a ko'ina. Uganda da Kenya da Tanzaniya sun sami kuɗi wajen sayar da tsokarsa a Turai, amma ƙananan masunta da yawa sun rasa kifin da suka saba ci. Tsage bai yi irin wannan ƙaura ba.

A yau masu ƙugiya daga ƙasashen waje suna zuwa kogin Faro, a arewacin Kamaru, don su kama kifayen biyu su sake su da rai. Abin da ya faru a Chadi ya isa gargaɗi ga Faro: muddin ruwan ya ja baya, girman giwan ruwa da haƙoran tsage ba za su tsare su ba.