Kare a Ƙasar Daura: Daga Dawa Zuwa Tsakar Gida

Hutun da ya wuce na koma gida Daura, na tarar da baƙo a tsakar gidanmu. Wani ɗan kare ne fari, gashi buzu-buzu, bai fi kyanwa girma ba, wanda yayana ya sayo a Kaduna, ya bar mini amanarsa. Kaka ta ƙare masa kallo ta ce, "Ɗan nan, shi wannan mece ce sana'arsa?" Na yi dariya. Sai daga baya na fahimci tambayar tarihi ta yi mini.

Bahaushe bai san kare ba sai da aiki. A ƙauyukan Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, da zarar an kawar da amfanin gona sai mafarauta su fita dawa da karnukansu, dogaye sirara, masu gajeren gashi, neman zomo da gafiya. Makiyayi kuwa na ajiye nasa domin tsaron garke. Har karin magana ta shaida wannan, inda aka ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Kafin Musulunci ma kare na da wani matsayi dabam, domin littafin Tarihin Kano ya nuna cewa baƙin kare na cikin abin da mutanen Barbushe suke kai wa Tsumburbura.

Da addini ya kafu, sai malamai suka shata wa kare iyaka. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda har gobe ake karantawa a zaurukan Daura, ta hana ajiye kare a gida sai domin tsaron gona, ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Abin lura shi ne, Malikiyya ba ta ɗauki jikin kare mai rai najasa ba, ko da yake an ce a wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ruwanta. Watau tambayar Kaka ita ce tambayar Risala.

Karen da aikinsa kwanciya a cinya baƙon al'ada ne. Sarakunan Sin sun daɗe suna kiwon irinsa a fada, kuma da sojojin Ingila suka wawashe fadar bazara ta Bejin a 1860, sun kwaso 'yan kaɗan, aka kai wa Sarauniya Biktoriya ɗaya. Mu nan sai bayan zuwan Turawa, waɗanda suka mai da Malam Musa gadon sarautar Daura a 1906, aka soma jin labarin kare mai tasa da wurin kwana a gidan Bature. A ganina ba karen ne ya ba kakanninmu mamaki ba, rashin aikinsa ne.

To, amana dai amana ce. Gashin nan ba don zafin Daura aka halicce shi ba, saboda haka na sa aka rage shi, ina taje shi kullum ina cire kaska da ƙarangiya, ruwa kuma ba ya yankewa a inuwar darbejiya. Na kai shi asibitin dabbobi aka yi masa allurar haukan kare, cutar da in alamunta suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi.

Horo ne ya gagare ni, har na je wurin wani tsohon maharbi a unguwarmu. Ya ce, "Yaro, ku 'yan boko gaggawa gare ku. Suna ɗaya za ka sa masa, abinci daga hannunka kawai, kuma kada ka doke shi, don karen da ya san sanda ba ya zuwa in an kira shi." Na bi wannan. Cikin mako uku ya san sunansa, ya san inda zai yi ba-haya, ya kuma san ɗakin Kaka da wurin salla ba hurumunsa ba ne.

Ana saura kwana biyu in dawo makaranta, cikin dare ya yi ta haushi a bakin akurki, muka fito da fitila muka ga muzuru yana haura katanga. Da safe Kaka ta ce a riƙa ɗaure shi can kusa da kaji, ta kuma ce a zuba masa sauran tuwo.