Ayari Uku a Kan Hanyoyin Damagaram: Raƙumi, Tseren Dakar da Baburin Damina

A Turai da Amurka akwai wani wasa da masu hali ke yi ranar hutu. Su haɗu su goma ko ashirin, kowa da babur irin wanda ke bin kwalta ya kuma bi daji, su nufi kan duwatsu a tsakiyar sanyi, lokacin da ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suka mai da hanya taɓo. Su faɗi, su tashi, su ciro juna daga laka, da yamma su koma gida suna raha. Hotunansu sun cika wayoyin samarinmu a Zinder, har wasu na ganin tafiyar ƙungiya a kan muguwar hanya wani sabon abu ne da Bature ya ƙago.

To, mu a nan hunturunmu ƙura ce da hazo, taɓonmu sai damina. Duwatsunmu kuwa ba su kai nasu tsawo ba: ga waɗanda suka kewaye Birni, ga na Muniyo wajen Gure, ga Kutus a arewa da su, ga Tarmit can bakin Tenere. Amma in ana maganar mutane su ɗaura niyya tare su bi hanyar da mutum ɗaya ba ya iya bi, ƙasar Damagaram ta ga ayari iri uku cikin shekara ɗari biyu. Ina so mu dube su ɗaya bayan ɗaya, don akwai abin da na farko ya sani wanda na ukun ke neman mantawa, kuma mantuwar tana cin rayuka.

Ayari na farko shi ne na fatake. Tun da Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazaunin sarauta a farkon ƙarni na 19, garin ya zama mahaɗar hanyoyi: ta arewa mai bi ta Damargu da Agadas zuwa Gat da Tarabulus, ta kudu zuwa Kano, ta gabas zuwa Kukawa ta Barno. A zamanin Tanimun, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, aka kewaye Birni da ganuwa, aka ƙera igwa a cikin gari, Zango kuma ya cika da Buzaye da Larabawa da Hausawa ƴan kasuwa. Gishirin Bilma, fatu, gashin jimina, tufafin Kano, duk ta nan suke ratsawa. Bai kamata kuma mu ɓoye ba, har da bayi cikin kayan da aka kora ta waɗannan hanyoyi. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya tarar da gari mai ciniki da nesa.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan ayari shi ne tsarinsa. Akwai madugu, uban tafiya, wanda maganarsa ce ta ƙarshe: shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a yada zango. Akwai jagaba, mai shiga gaba, wanda ya san rijiya da mashigi da inda ƴan fashi ke kwanto. Akwai uban dawaki, mai tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan hanya. Ba wanda ke wuce jagaba don jakinsa ya fi sauri, kuma ba a barin wanda dabbarsa ta gaza a baya shi kaɗai, saboda kowa ya san gobe yana iya zama shi ne. Ga kuma wata doka da ba a rubuta ba: doguwar tafiya ta rani ce. In ruwa ya sauka, fadamu suka cika, koramu suka kawo, falke ya ɗaure kaya ya jira, ko ya koma gona. Ba su ɗauki faɗa da taɓo jaruntaka ba.

Wannan ayari bai mutu a rana ɗaya ba. An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898, a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Faransawa suka dawo da bindiga, aka yi yaƙin Tirmini a Yulin 1899, gari ya faɗa hannunsu. Amma abin da ya karya hanyar Tarabulus da gaske shi ne jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911. Daga nan kaya suka juya kudu, suka nufi teku, raƙumi ya koma ɗaukar gishiri da gyaɗa.

Ayari na biyu na baƙi ne, masu inji. Ranar 28 ga Oktoba 1924 wasu motoci takwas na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙa a baya, suka tashi daga Colomb-Béchar a Aljeriya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Suka ƙetare Sahara, suka biyo ta Yamai da Tasawa, suka shigo Zinder kafin ƙarshen shekarar, lokacin nan ne hedikwatar mulkin mallaka ta Nijar, kafin a mai da ita Yamai a 1926. Da mai ɗaukar sinima suka zo, da mai zane. Suka ɗauki sarakuna da dawaki da ƴan kallo, suka wuce tafkin Chadi, tafiyar ba ta ƙare ba sai a Madagaska a Yunin 1925. Tallar mota suka fito yi, da nuna cewa Faransa na iya haɗa ƙasashen da ta mallaka da hanya. Mu kuwa ado ne a bayan hoto.

Bayan shekara hamsin da ƴan kai, sai ga jikokinsu a kan babur. Wani saurayi Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da baburinsa a hamada a 1977, a tseren Abidjan zuwa Nice. Da aka tsinto shi, maimakon ya tuba, sai ya ce wasu ma su zo su ɗanɗana. Ranar 26 ga Disamba 1978 abin hawa 182 suka tashi daga Paris, suka bi ta Tamanrasset da Agadas da Yamai, 74 kaɗai suka ga Dakar. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT 500 yake, wato ainihin irin baburan nan masu bin kwalta da daji. A 1983 tseren ya ratsa Tenere, guguwar rairayi ta ɓatar da mutum kusan 40, Sabine ya kwana huɗu yana nemansu da jirgi mai saukar ungulu har aka same su.

A Janairun 1986 hanyar ta biyo ta kanmu: daga Dirku zuwa Agadem, daga Agadem zuwa Zinder, sannan Yamai. Waɗanda suka girme ni da kaɗan suna ba da labarin ƙarar injuna da mutane masu hular kwano da fuska cike da ƙura. Shekarar ba ta yi wa tseren daɗi ba. Wani mahayi, Jean-Michel Baron, ya faɗi a yankin Zinder, ya shekara 24 bai dawo hayyacinsa ba, har ya rasu a 2010. Ranar 14 ga wannan wata jirgin Sabine ya faɗi kusa da Gurma Rarus a Mali, ya mutu tare da mawaƙi Daniel Balavoine da wasu mutum uku. Balavoine ya biyo tseren ne don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka, wannan kam a faɗa masa alheri. Neveu ya sake cinyewa, karo na huɗu, a kan Honda.

Sunayen waɗannan duka suna rubuce, da ranaku da irin injin da suka hau. Ƴan ƙauyen da motocin tseren suka take a hanya fa? An san da yarinya ƴar shekara 10 da aka kashe a Kita ta Mali a 1988, saboda jaridun Turai sun yi surutu. Da yawa labarinsu ya tsaya ga danginsu. Dabbobin da aka banke da hanyoyin da manyan motoci suka farfashe, wa ya lissafa? Agadas ta ci kasuwar baƙi, gaskiya ne, masu masauki da maƙeran azurfa da direbobi sun samu. Zinder kuwa kwana ɗaya aka yi mata, gari ya waye sai sawun taya. A Janairun 2000 an shirya tseren zai sake biyowa ta Zinder da Agadas, sai labarin barazanar ƴan bindiga ya sa aka kwashe motoci da babura daga Yamai cikin manyan jiragen Antonov zuwa Sabha ta Libiya. Aka soke na 2008 baki ɗaya, ya koma Kudancin Amurka a 2009, ya koma Saudiyya a 2020. Tsakanin Agadem da Zinder yanzu bututun mai ne ke kwance, sama da kilomita 460, yana kawo ɗanyen mai matatar SORAZ da aka buɗe a 2011.

Ayari na uku namu ne, kuma shi ne ba a rubuta ba. Baburin da ƙauyukanmu suka fara sani da shiga daji shi ne Yamaha DT, wanda ayyukan raya karkara ke ba malaman gona da na dabbobi da masu duba makarantu. Wanda ya tsara shi ya san taɓo: tayar gaba babba ce mai haƙora, murfinta a ɗage yake sama don kada laka ta cushe ta riƙe taya, salansa ma a sama take don ruwa. Amma DT na gwamnati ne da ƙungiyoyi, talaka sai kallo. Sai da baburan Sin da Indiya masu araha suka shigo, galibi ta Najeriya, kabu-kabu ya cika gari, sannan babur ya zama jakin kowa. Matsalar ita ce waɗannan an yi su ne don kwalta. Murfin taya a manne, inji kusa da ƙasa, taya sumul. Da su ake ɗaukar buhun hatsi da akuya da mutum uku, da su ake kai mace mai naƙuda likita cikin dare.

Ruwan Zinder bai fi milimita 400 da wani abu ba a shekara, amma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba. Kudancin jiha, wajen Mirya da Magariya da Dungas da kwarin Korama, ƙasar fadama ce. Rairayi in ya sha ruwa daɗin bi gare shi, ya kan daddale. Laka ce mugu: ta kama taya, ta naɗe sarƙa, ta ja ƙafar mutum har takalmi ya zauna a ciki. Korama kuma ba ta sallama. Ruwan da ya sauka a wani gari mai nisa shi ke zuwa ya tarar da kai a tsakiyar mashigi, sama tana tas babu ko gajimare.

Mu malaman makaranta mun san wannan hanya, don ana komawa lakwal a Oktoba, fadamu ba su gama bushewa ba. A ƙauyen da aka fara tura ni, in za mu shiga gari karɓar albashi, ba mai tashi shi kaɗai. Mukan jira ranar kasuwa mu bi ƴan kasuwa, babur shida ko bakwai. Ba wanda ya taɓa kiran sunan madugu ko jagaba, amma suna nan. Wani dattijo mai sayar da goro shi ke cewa a tafi ko a dakata. In an zo ruwa, yaro ɗan garin ya shiga da sanda ya auna zurfi, ya nuna inda ƙasa ke da ƙarfi. A kashe inji, a bar shi ya huce, a tura ɗaya bayan ɗaya. In ruwa ya wuce gwiwa, a zura itace a ɗauke babur a kafaɗa, mutum huɗu, a biya su. Mai gyara shi ke bin baya, da famfo da faci da buji. Ba a tashi daga ƙetaren sai an ƙirga kowa. Tsarin fatake ne sak, ya sauko daga raƙumi ya hau babur.

Abin da ke damuna shi ne samarin yanzu sun gaji baburin, ba su gaji tsarin ba. Dubi rakiyar amarya, ko ayarin ƴan siyasa, ko masu zuwa kallon kokawa a wani gari. Babur talatin, kowa na son ya riga kowa, ba hular kwano, ba mai tsawatawa, wanda ya faɗi sai dai na baya ya kauce masa in Allah Ya sa ya gani. Wannan ɗabi'ar tsere ce, ta ayari na biyu, ba tare da likita da jirgin ceto da ke bin Bature a sama ba. Har su masu wasan taɓon na Turai, in ka lura da kyau, suna sa mutum ɗaya a gaba da ba a wucewa, da wani a baya mai tattara waɗanda suka maƙale. Abin da kakanninmu suka sani tun kafin a ƙera inji, shi suke yi, mu kuwa hoton tsallen kawai muka ɗauko.

Kada kuma a ɗauka babur ƙaramin abu ne a rayuwar karkara. Da aka hana hawansa a jihar Difa a Fabrairun 2015 saboda Boko Haram, an ga yadda kasuwannin ƙauye suka yi sanyi, marasa lafiya suka koma amalanke, dubban samari suka rasa abin yi. Abin da hana shi ke tsai da ƙasa haka, ya cancanci a koyar da hawansa da ladabinsa kamar yadda ake koyar da noma.

Shawarata ga ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da masu unguwanni da iyayen biki mai sauƙi ce, ba ta bukatar ko dala. Duk tafiyar da ta wuce babur biyar, a naɗa mata madugu da jagaba da mai bin baya, a faɗi sunayensu kafin a tada inji. Korama in ta kawo, a jira ta. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Ga ƴan uwana malamai kuma, mu aiki ɗalibanmu su tambayi tsofaffi: wa ya fara shigo da babur garinku, a wace shekara, wane mashigi ne ya fi cin mutane, wa ke ƙetarar da jama'a a wurin? Su rubuta a kawo. Haardt da Sabine sun sami masu rubuta musu tarihi. Dattijon da ya shekara talatin yana ƙetarar da ƴan kasuwa a kwarin Korama, in ba mu rubuta shi ba, ba mai zuwa daga Paris ya yi mana.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya jiƙan waɗanda ta ci.