Ina motoci masu ƙofa biyu suka shiga?

Ɗan'uwa mai karatu, ran kasuwa in ka je tasha, tsaya ka ƙirga ƙofofin ƙananan motocin ɗaukar mutane. Za ka tarar kusan kowace tana da ƙofa huɗu, biyu dama, biyu hagu. Amma a zamanin iyayenmu, motar da ta fi kowace yawa a duniya ƙofa biyu gare ta.

Sunanta Volkswagen, wato motar jama'a da harshen Jamus. Faransawa suna ce mata Coccinelle, don ta yi kama da ƙwaro mai ƙusumbi. An fito da ita a shekara ta 1938, amma sai bayan yaƙin duniya, daga 1945, aka shiga ƙera ta da yawa. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ya shan ruwa. Ƙofa biyu ta fi huɗu araha wajen ƙira, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ya iya sayenta. A 1975 har a Legas aka fara harhaɗa ta.

To, mi ne ne aibinta? Wanda zai zauna baya, sai na gaba ya sauka, a karya kujerarsa, sannan ya sunkuya ya kutsa. Saurayi bai damu ba. Amma ka duba tsoho mai ciwon gwiwa, ko mace mai goyo, ko marar lafiya da za a kai likita. In kuwa hatsari ya faru, na baya ba su da ƙofar kansu.

Mu nan tun da wuri muka zaɓa. A wannan shekara ta 1975 aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna. Ƙofarta huɗu, doguwar kuma layin kujeru uku gare ta. Ita ce direbobi suka runguma don jigilar mutane tsakanin Maraɗi da Katsina, da Damagaram da Kano.

Inda mai ƙofa biyun ta fi daɗewa shi ne ƙasar Meksiko, maƙwabciyar Amurka. A babban birninsu ita ce taksi. Direbobi sukan cire kujerar gaba ɗungum don fasinja ya samu hanyar shiga. A 2002 hukumar birnin ta ce sabuwar taksi sai mai ƙofa huɗu. Ran 30 ga watan Yuli 2003 aka ƙera ta ƙarshe a garin Puebla, bayan an yi fiye da miliyan 21.

A Turai ma haka abin ya tafi. Doka ta ce a ɗaure ƙananan yara cikin kujerarsu ta musamman, wannan aiki kuwa wuya gare shi in babu ƙofar baya. Masu saye suka ragu, kamfanoni suka ga ƙera jiki iri biyu asara ce. Renault Clio da ta fito a 2012, da Peugeot 208 ta 2019, duk babu mai ƙofa biyu cikinsu. Yau galibi sai motocin gudu da na ƙawa, na masu kuɗi. Motar talaka ta zama ta attajiri ke nan.

Saboda haka, in wata rana aka yi maka tayin tsohuwar mota mai ƙofa biyu da araha, kafin ka taya, ƙirga mutanen gidanka, ka tuna wa zai zauna baya.