Faifan Garmaho a Jimeta: Daga Akwatin Kakanni Zuwa Cikin Kwamfuta

Yau ina so mu taɓa tarihin wani kaya da ke jibge a gidajenmu da yawa ba wanda ya damu da shi, wato faifan garmaho, da yadda za a kwashe abin da ke cikinsa a zuba a kwamfuta tun bai lalace ba.

Modibbo Adama ne ya kafa Yola a 1841, kuma tun kafin Turawa su ci garin a 1901 su kori Lamiɗo Zubairu, fatake Hausawa suna shigowa ƙasar Adamawa neman hauren giwa da sauran haja. Jimeta ita ce bakin ruwa, inda jiragen kamfanin Neja ke tsayawa idan Binuwai ta cika, shi ya sa baƙi suka fi taruwa a cikinta. Kakana, Allah Ya jiƙansa, ya zo ne daga ƙasar Kano a shekarun 1960 da kayan koli. A lokacin zuwa gida ba abin wasa ba ne, sai mutum ya shekara biyu bai leƙa ba. Abu biyu ke kawo masu gida kusa: rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, sai kuma faifai. Rediyo sai abin da aka sa maka, faifai kuwa naka ne, ka maimaita waƙa har allura ta gaji.

Faifan iri uku ne, kuma sanin bambancinsu shi ne farkon aikin. Akwai tsohon, mai nauyi, mai juyawa sau 78 a minti ɗaya, wanda ake yi da wani ƙaro da ake samu daga ƙwari a ƙasar Indiya. Shi ne ainihin na garmaho mai wani da hannu, kuma da ya faɗi ya fashe kamar tangaran. Fuska ɗaya ba ta wuce kamar minti 3, don haka makaɗin da ya saba kwana yana waƙa a gidan biki dole ya taƙaita. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyawa sau 33 da ɗoriya, mai ɗaukar kusan minti 20 a kowace fuska, sannan a 1949 RCA ya fito da ƙarami mai juyawa sau 45. A nan Nijeriya Decca da Philips da EMI suka yi kasuwarsu, tare da Tabansi na 'yan gida. A faifan EMI ne mutane da yawa suka fara ajiye muryar Alhaji Mamman Shata da ta Ɗan Maraya Jos a cikin ɗakunansu.

Kaset ne ya kashe wannan kasuwa. Philips ya fito da shi a 1963, kuma zuwa shekarun 1980, lokacin Yola tana hedkwatar jihar Gongola, kowane direba yana da shi a mota, kowane mai shago yana iya kwafa. Darajar naira ta faɗi daga 1986, masu kwafa suka cinye riba, kamfanonin waje suka tattara. Na EMI ya koma Ivory Music, na PolyGram ya koma Premier. Faifai ya koma ƙarƙashin gado, wasu ma aka riƙa rufe tulu da shi.

Za ka ce ai waƙoƙin nan duk suna wajen masu tura waƙa a memori cikin kasuwar Jimeta. Wasu suna nan, gaskiya ne. Amma ka saurara da kyau. Galibinsu daga kaset aka kwaso su, kaset ɗin ma kwafin kwafi, an yanke kai, an yanke gindi, sunan waƙa ya ɓata sai lamba kawai. Na ga waƙar Ɗanƙwairo an rubuta mata sunan Narambaɗa, kuma yaron da ke turawa ya rantse haka take. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, babu wanda za a koma a tambaya a cikinsu. Takardar da ke tsakiyar faifai kuwa tana ɗauke da sunan mawaƙi, sunan waƙa, kamfani da lamba, wani lokaci har da shekara. A ganina wannan 'yar takarda ta kai waƙar daraja.

Ga shi ƙasarmu ba ta raga wa faifai. Zafin Maris da Afrilu a Yola yakan haura digiri 40, kuma faifan roba da aka kwantar a ɗakin kwano sai ya lanƙwashe kamar ƙosai ya sha mai. Ambaliyar 2012, da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, da ta 2022, sun shiga gidajen bakin kogi, kuma a irin wannan rana ba wanda ke tuna akwatin faifai.

Aikin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. Da farko a ɗauki hoton takardar tsakiya da bangon, gaba da baya. A wanke faifan da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, kada ruwan ya taɓa takardar, a bar shi ya bushe a tsaye a inuwa. Kada a kusanci mai 78 da sifirit, narkar da shi yake yi. Sai injin faifai mai allura lafiyayya. Tsakaninsa da kwamfuta ana buƙatar ɗan akwatin ƙara sauti na musamman, domin tun wajen yanka faifan ana rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa, bisa ƙa'idar da aka tsayar a Amurka a 1954, kuma akwatin ne ke mayar da shi daidai. In babu shi za ka ji kalangu kamar ana buga gwangwani. Injinan zamani masu wayar USB da yawa suna zuwa da shi a ciki. Manhajar ɗauka kyauta ce, Audacity, tun shekarar 2000 take. Ni da batir nake aiki, don janareto yana sa gurnani a cikin sautin.

Babu gaggawa a ciki, fuskar minti 20 sai ka zauna minti 20. A ajiye asali a tsarin WAV, wanda ke cin kusan megabait 10 a minti, wato babban faifai guda wajen 400, sannan a fitar da MP3 don turawa dangi a WhatsApp. Shawarata kada a matsa wajen goge ƙarar ƙas-ƙas. Manhaja ba ta san bambancin tsagewar faifai da dukan kalangu ba, sai ta share su tare.

Inda na fi jin daɗi shi ne zama da Baba lokacin ɗauka. Waƙoƙin nan cike suke da sunayen attajirai da direbobi da garuruwa, ni sai dai in ji su wuce, shi kuwa sai ya ce in tsayar, ya faɗa mani wane ne wannan, me yake sayarwa, ta wace hanya motocinsa ke bi. Ni da aka haifa a nan, na tashi ina jin Fulatanci a layi, Kano sai da sallah, akwai kalmomin da sai ya fassara mani. Yanzu nakan kunna waya in ɗauki bayaninsa, in ajiye a jaka ɗaya da waƙar.

A akwatin kakana na gama da manya da ƙanana guda 31. Saura masu 78 guda bakwai, biyu a tsage, waɗanda ban taɓa ba, domin layinsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce, kuma injina ba ya juyawa da wannan sauri. Duk wanda yake da irin wannan inji a gida, a Jimeta ko cikin Yola, ko da belinsa ya tsinke, don Allah ya yi mani magana, gyaran yana wuyana.